Ɗakin Irin Waziri Jatau

A zamanin da, aka yi wani sarki mai tausayin talakawa. Wata shekara aka yi fari, mutane suka cinye har irin shuka. Da Allah ya kawo sauƙi, sai Sarki ya ce a gina ɗakin ajiya a bayan fada, kowane gida ya kawo damin gero ɗaya na iri, kada abin nan ya sake faruwa. Ya ɗora aikin a wuyan Waziri Jatau.

Shi kuwa Jatau mutum ne mai tsoron a ce ya gaza. Ya sa aka tayar da ƙananan bango uku a gaban jama'a: na dutse, na gasasshen tubali, na laka da ciyawa. Aka kwara musu ruwa, na laka ya zaizaye. Aka doke su da gatari, na tubali ya tsage. Dutse ko gezau.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga amsa nan a fili."

Sai Sarkin Magina, wani tsoho mai suna Barmo, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, an gwada ɓarawon da zai zo daga waje. Wa ya gwada na cikin gida?"

"Wane ne na cikin gida, Baba?" in ji Waziri.

"Gumi, Waziri. Hatsi mai rai ne, yana numfashi. Laka takan sha guminsa ta fitar. Dutse sai ya mayar masa da abinsa."

Waziri ya yi dariya ya ce, "To, sai mu sa wa geron mafici!" Fada ta kwashe da dariya. Barmo ya sunkuyar da kai, ya ɗauki takalmansa, bai sake zuwa fada ba.

Aka gina da dutse, aka shafe ciki da waje da makuba, ko sauro ba zai sami hanya ba. Kaka na yi aka zuba iri, aka toshe ƙofa. Jatau kan zagaya ya shafa bangon, ransa fari ƙal.

Ranar da aka yi ruwan shuka aka buɗe. Wayyo! Wari ne ya fara tarbarsu. Geron ya yi baƙi, ya dunƙule kamar tuwon da ya kwana uku. Ga manoma tsaye da ƙorai a hannu, ga ƙasa ta jiƙe tana jira.

Jatau bai jira kowa ba, ya nufi gidan Barmo, yana ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. 'Yar tsohon, Tabawa, ta fito.

Ta ce, "Ai jiya Baba ya cika kwana arba'in da rasuwa, Waziri. Mun aika fada, aka ce kana da aiki."

Jatau ya zauna a ƙasa da rawaninsa. Allah ya raba mu da ban haƙurin da ya makara.

Tabawa ta kai shi bayan gida. Ga rumbunan laka biyu a kan duwatsu, da hular ciyawa, cike da gero lafiyayye. Ta ce, "Kafin ya kwanta ciwo ya cika su. Ya ce idan kun zo, kada in yi muku gori."

Aka raba, kowane gida ya sami ɗan abin da zai shuka rabin gona.

Washegari Jatau ya faɗi a gaban Sarki ya ce, "Laifina ne ni kaɗai. An faɗa mini gaskiya, na mai da ita abin dariya."

Sarki ya ce, "Ba zan tuɓe ka ba, don ka faɗi gaskiya. Amma za a gina rumbuna goma na laka. Tabawa ce za ta duba aikin, kai kuma da ƙafarka za ka taka lakar."

Haka aka yi. Waziri ya naɗe wando, ya shiga kwaɓi har gwiwa, kwana da kwanaki. In ya tsaya, sai Tabawa ta ɗebi lakar ta murza a yatsa, ta ce, "Da saura, Waziri."

Shi kuma ya ce, "To, 'yata," ya ci gaba da takawa.