Fim ɗin da Aka Rataye a Gonar Shinkafa

Ku gyara zama, kowa ya kife wayarsa, don labarin nan akwai aiki a ƙarshensa, kuma ku ne za ku yi shi.

A wata unguwa cikin birnin Kano an yi wani tela mai suna Mamuda. Ɗinkinsa ba laifi, amma da riƙon amana aka fi saninsa. A bangon shagonsa, bayan keken ɗinki, akwai wata doguwar ƙusa. Duk wanda zai yi tafiya a unguwar, biki ne a ƙauye ko jinya a asibiti, a jikin ƙusar nan yake rataye makullin gidansa. Lokacin aikin Hajji har lanƙwasawa take yi don nauyi. Mamuda bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma da ƙusar nan yake alfahari, ba da keken ba.

Wata rana wani mai shirya fim ya kawo ɗinki, ya ƙare wa Mamuda kallo, ya ga gira mai kauri da murya mai kaushi, ya ce ai shi yake nema. Ya yi ta lallaɓa shi har ya yarda ya fito a wani fim da aka sa wa suna Soron Marayu. Aka ba shi matsayin Baffa Jatau, mutumin da ya kori marayun wansa daga gidan ubansu, ya watso kayansu waje, ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Kashi uku aka yi fim ɗin, kuma a na ukun ne gaskiya take fitowa. Ashe soron ya tsage, damina ta kawo kai, yaran sun kafe ba za su bar ɗakin mahaifiyarsu ba. Baffan ya kore su ne don kada gini ya rufta musu, yana ta gyaran gidan a ɓoye da hannunsa.

Aka saki na ɗaya da na biyu. Kafin na uku ya shiga kasuwa, Allah Ya yi wa mai fim ɗin rasuwa, aka rufe shagonsa, magana ta mutu.

Mamuda kuwa ya iya muguntar nan fiye da yadda ya kamata. Yara suka dinga bin sa suna kiran "Jatau mugu!" Wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda ta shekara da shekaru tana ba shi ajiyar makulli, ta tsaya a bakin shagon ta tofar da yawu ta wuce. Ya dinga ce wa mutane, "Ku jira na uku," har maganar ta zama abin tsokana, in mutum ya yi abin kunya a majalisa sai a ce masa ku jira na uku. Kada ku yi dariya ku ce ai kowa ya san fim wasa ne. Kowa ya sani da baki. Amma ranar da mutum zai bar gidansa da buhun hatsinsa, sai zuciya ta tuno masa fuskar nan da kwaɗon nan, sai ya kai makullin wani wuri. Ɗaya bayan ɗaya makullai suka daina zuwa, ƙusa ta yi tsatsa. Abin ya ci Mamuda ƙwarai. Ya ce shi da fim har abada, ko tallarsa aka sa a talabijin tashi yake yi.

Shekara goma ke nan ana haka, sai wani gidan rediyo ya kafa kwamiti don a zaɓi finafinan da suka fi kyau a cikin shekarun nan goma. A nan ne mutum uku suka shigo labarin, abokan juna tun suna leƙen gidan kallo ta ramin kwano: Lurwanu, da Sabi'u, da Nafi'u.

Lurwanu malamin makaranta ne, kuma shi ne a cikin kwamitin. Sauran 'yan kwamiti sun so a gama a zama guda, a sha shayi, kowa ya faɗi abin da yake tunawa. Wannan ya ce fim kaza, don waƙarsa aka sa a bikinsa. Wancan ya ce fim kaza, don a shekarar ya sayi babur. Lurwanu ya tubure ya ce ba fim suke tunawa ba, ƙuruciyarsu suke tunawa, sai an sake kallon kowanne daga farko har ƙarshe. Suka ji haushinsa, amma ya kafe. Aka yi ta kallo har idanu suka yi ja. Wani fim ɗin da aka yi ta kuka a kansa a da, yanzu sai hamma. Wani da aka raina, sai ga shi ya tsaya da ƙafarsa. Da aka zo kan Soron Marayu suka ce a tsallake, shi ya ce a sa. Ku sani fa, Lurwanun nan shi ne ya taɓa shiga rediyo ya ce bai ga fim maras kan gado irin wannan ba. A wannan karon sai ya lura da abin da ya wuce shi a da. Duk sanda Baffa Jatau yake wa yaran tsawa, idonsa ba ya kansu, yana kan azarar rufi. Da yake watso kaya, komai jifa yake yi, amma da ya zo kan kwallar mahaifiyarsu sai ya sunkuya ya ajiye ta a hankali. Ƙafarsa kuma kullum da ɗanyar laka. Lurwanu ya sa aka mayar da wurin baya har sauran suka gani. Ya koma rediyon nan ya ce da bakinsa ya yi kuskure, fim ɗin bai ƙare ba, kuma ba zai sa hannu a sakamako ba sai an nemo kashi na uku. Mamuda ya ji shi a rediyon maƙwabcinsa, ƙafarsa ta tsaya a kan keke.

Sabi'u direba ne, yana ɗauko shinkafa daga Kadawa. Shi tun da ya girma fim bai dame shi ba, da an sa barci yake yi. Amma Mamuda ne ya ɗinka masa rigar makaranta ta farko, kuma ya daɗe yana jin zafin yadda ake masa. Da ya ji cigiyar abokinsa, sai ya tuna cewa lokacin da aka kwashe shagon marigayin, a motarsa aka loda buhunan faya-fayan da suka yi kwantai. Wani manomi ne ya karɓe su, yana rataye su a igiya a kan gonar shinkafarsa, ƙyallinsu yana korar tsuntsayen jan-baki. Sabi'u ya ajiye motarsa ana tsakiyar samun lodi, ya nufi gonar. Manomin ya ce ba a taɓa masa ko ɗaya sai bayan girbi, in ba haka ba tsuntsaye su cinye shi. Sabi'u ya dawo gari ya bi gidajen 'yan'uwa yana tara tsofaffin faya-fayai, ya koma, duk wanda ya cire ya ɗaura wani a madadinsa. Ya yi kwanaki yana kutsawa cikin taɓo har gwiwa, rana tana dukansa, matsattsaku suna shan jininsa, yana juya faifai ɗaya bayan ɗaya. Duk na ɗaya da na biyu ne. Sai a can ƙarshen gona, kusa da magudanar ruwa, ya ga wani farin faifai ba hoto a jikinsa, an rubuta masa lamba uku da hannu, tawadar ta kusa gogewa. Kwafin gwaji ne, kuma shi kaɗai ya rage a duniya. Ya naɗe shi a hularsa ya kawo gari, ya kwanta zazzaɓi.

Nafi'u yana da ɗan situdiyo inda ake ɗaukar murya. Ya karɓi faifan, duk rana ta gasa shi, iska ta kakkarce shi. Ya yi ta fama har ya zaƙulo hoton, amma sautin ya mutu murus. Ga mutane baki yana motsi, ba a jin komai. Ba kuma wata takarda da za a duba, don marigayin ba ya rubuta magana, a wurin ɗauka yake gaya wa kowa abin da zai ce. Nafi'u ya nemo yaran da suka fito a marayu, yanzu ɗaya tana gidan aure a Wudil, ɗaya yana koyon walda, suka zo suka maimaita nasu. Saura Mamuda. Mamuda ya ce ko ƙofar situdiyon ba zai taka ba. Nafi'u bai yi musu da shi ba. Sai ya dinga kawo masa gyaran kaya, yau wando gobe riga, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau, ya zauna a benci a yi hirar duniya. Ranar da kayan gyara suka ƙare masa, sai ya zo da kwamfutarsa ya ɗora a kan teburin yanka, ya kunna kashi na ukun, ya ce zai je ya yi alwala.

Mamuda ya so ya kau da kai, ya kasa. Ya ga kansa da sauran baƙin gemu, cikin ruwan sama, yana cuɗa laka da ƙafa, marayun sun tsaya a bakin zaure sun gano shi. Ya ga bakin Baffa Jatau yana motsi. Bai san lokacin da nasa bakin ya buɗe ba.

"Gara ku tsane ni kuna raye," ya ce, "da in tono ku a ƙarƙashin ƙasa kuna ƙaunata."

Nafi'u yana tsaye a bayan ƙofa da butarsa, ko ruwa bai zuba ba. Mamuda ya share fuska da ƙyallen da ke hannunsa ya ce, "Yaro, ina ne wurin naku?"

Da aka ɗauki muryar Mamuda, kwamiti ya sake zama ya kalli fim ɗin cikakke. Da sakamako ya fito, Soron Marayu ya zo na biyu. Ni dai har gobe ban yarda ba, na ɗaya ya kamata, amma ba a sa ni a kwamitin ba. Aka nuna shi a gidan kallon unguwa bayan la'asar, wuri ya cika har bakin titi. Daga nan ya shiga wayoyi, mata suna tura wa juna. Masu cewa ku jira na uku suka dinga sunkuyar da kai in sun zo wucewa ta shagon.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sai ga Iya Tabawa tana dogara sanda. Ba ta ba da haƙuri ba, tsofaffinmu ba su iya wannan ba. Ta kwance bakin zanenta ta ciro makulli.

"Mamuda," ta ce, "zan je Ɗambatta gaisuwa. A kula mini da awakin nan."

Rabon da ta kira shi da sunansa tun kafin fim ɗin. Ya karɓa da hannu biyu ya rataye a ƙusa. Da ta tafi ya ɗauko man keke ya goge tsatsar, yana dariya hawaye yana zuba, don daɗi ya yi masa yawa.

A cikin wannan farin cikin ne matar ɗansa Zakari ta haifi namiji, jikansa na fari. Zakari ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, sunanka zan sa masa. Da ina tsoron kada yara su tsokane shi, yanzu kuwa da alfahari zai amsa."

Mamuda ya girgiza kai. "Nawa ya dawo mini, ya ishe ni. Sunan wanda ya dawo mini da shi za a sa."

To, a nan fa aka tsaya, don yaro ɗaya ne, mutanen uku. Zakari ya ce Lurwanu, domin ba don ya tilasta an sake kallo ba, da ba wanda zai san akwai abin nema, kuma ba ƙaramin namiji ne yake shiga rediyo ya ƙaryata kansa ba. Sai mahaifiyarsa Kubura ta ce ai shi ya ɓata tun farko, gyara ɓarnarsa ya yi. Ita Sabi'u ta zaɓa, wanda ya bar neman abincinsa ya shiga taɓo don mutumin da ba abin da zai samu a wurinsa, har yanzu ƙafafunsa da tabo. Sai mai jegon ta aiko daga ɗaki cewa abin da Sabi'u ya kawo kurma ne, kuma sa'a ce ta sa lodin ya biyo ta motarsa. A ganinta Nafi'u ne, don shi ya mayar wa fim ɗin baki, ya kuma mayar wa Baba zuciyarsa. Zakari ya ce haka ne, amma Nafi'u sana'arsa ya yi, ga shi yanzu situdiyonsa ya yi suna. Aka tambayi su ukun, kowa ya nuna ɗan'uwansa, abin ya ƙara rikicewa.

Mamuda yana zaune a shago, in ya tuna azarar nan sai ya ce Lurwanu, in ya tuna hular nan mai laka sai ya ce Sabi'u, in ya tuna butar nan da ba a zuba ruwanta ba sai ya ce Nafi'u. Rago yana ɗaure a ƙofar gida, an raba goro, gobe da safe liman zai zo raɗin suna.

To, ku da kuka ji labarin daga na ɗaya har na uku, sunan wa ya kamata a raɗa wa jikan Mamuda: Lurwanu, ko Sabi'u, ko Nafi'u?