Ragowar Akushin Sarki Mazadu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da ayari ba ya ƙetarewa, an yi wani sarki a birnin Tumbuna mai suna Mazadu, wanda Allah ya ba shi mulki da kwarjini, ya kuma haɗa masa da kwaɗayi. Ba a ajiye masa akushi sai man shanu na iyo a kai, ga zuma, ga kitsen rago, ga alkaki da nakiya. Al'adar fadar kuwa ita ce, duk abin da sarki ya rage a kai wa wanda ya fi ƙauna, shi kuma ya cinye shi kaɗai, don mayar da ragowar sarki ko raba ta cin mutuncin sarauta ne. Tun hawansa gado gidan Waziri Sallau ake kai ta, amininsa da aka yi musu kaciya tare. Da yake Mazadu ba ya wasa da akushi, abin da ke isa can bai taka kara ya karya ba.

A tsakar fadar akwai wata tsohuwar tsamiya, mazaunin aljanar da ta yi wa kakanninsa alkawarin gargaɗi ta hanyar mafarki. Ana nan sai sarki ya fara ganin wani mutum a mafarki ya ba shi baya, sanye da alkyabbar sarauta, ƙafafunsa sun kumbura, yana kwankwaɗar ruwa tulu bayan tulu, ƙishirwa ta ƙi yankewa. Kullum tsoro ke farkar da shi kafin mutumin ya juyo.

Sarki ya ce lallai shi ne wannan mutumin. Ya yi sallama da zuma da kitse, ya koma ga zogale da fate da kunun gero, ya bar hawan doki, ya riƙa zaga ganuwa da ƙafa. Amma don kada a ce sarki ya tsorata, ya hana a rage komai a girki. Kaico, nan ya yi kuskuren da ya ci masa rai. Akussa suka riƙa fita a cike yadda suka shigo, sai gidan Waziri.

Jikin sarki ya yi sakayau, mafarkin kuwa ya ƙi dainawa. Waziri ya fara ɗingishi, daga baya ya bar zuwa fada. Da sarki ya je duba shi, ya tarar da shi kwance, ƙafafu kamar turmi, an lulluɓe shi da alkyabbar da sarki da kansa ya yafa masa ranar naɗi. Mazadu ya durƙusa kusa da shi. Cikin kuka ya tambaye shi me ya hana shi magana.

Sallau ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga akushi na zuwa a cike, na ce ƙaunarka ce ta ƙaru. Da wane ido zan mayar?"

Sarki ya ruga gindin tsamiya, ba rawani ba takalmi, ya roƙi aljana ta ɗauki rabin ƙasarsa ta bar masa amininsa.

Murya ta fito daga cikin rassa ta ce, "Ya Mazadu, alkawarina nuni ne, warkarwa ba tawa ba ce. Ciwon yana jikinsa tuntuni, ragowarka ta ƙarasa shi. Na nuna maka wanda za ka fi kuka a kansa, kai kuwa ka ga alkyabba ka ce kai ne. Ko sau ɗaya ba ka jira ya juyo ba."

Kafin kaka ta yi aka binne Sallau. Sarki ya soke al'adar ragowa, ya sa aka sauya girkin fada, ya aurar da 'yarsa Gimbiya Dela ga ɗan marigayin, ya naɗa shi Waziri. Aka yi biki na ƙasaita, ƙasa ta zauna lafiya.

Shi kuwa Mazadu, cimar da ya koma mata ta karɓe shi sosai. Ya ga jikoki, ya ga tattaɓa-kunne, ya binne sa'o'insa kaf, ko ciwon kai bai ƙara yi ba. Kullum fadawa kan faɗi gabansa su yi masa addu'ar tsawon rai, shi kuma sai ya kau da kai, bai taɓa cewa amin ba.