Wadda Ta Shanye Kumfar Ladingo

Dalilin da ya sa farin ɓawo yake manne wa gindin tukunya in an dafa ruwan rijiya, yara, labarin rashin kunya ne, kuma duk sanda na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A da, ruwan rijiya garai yake kamar na sama. Sabulu kaɗan za ka goga, kumfa ta cika ƙwarya. To, can ƙarƙashin rijiya akwai Farar Ƙasa, zaman duhu ya ishe ta. Wata rana ta ce wa Ruwa, "Don Allah goya ni in leƙa duniya, yau ɗin nan zan dawo." Ruwa bai iya cewa a'a ba. Ta narke a jikinsa, ko alamarta babu, guga ya jawo su tare.

A garin da rijiyar take akwai wata mai wankau, Ladingo. Shekara ashirin ana ba ta kaya haɗe da sabulu, ba a taɓa kuka da ita ba. Ran nan ta ɗebo ruwan, ta goga sabulu, kumfa ta ƙi tashi. Ashe Farar Ƙasa ce ta ɗanɗana ta ji daɗi, take lashewa. Sabulu ya ƙare, kaya suka bushe da dauɗarsu.

Inna Marka, mai kayan, ta ɗaga zanenta a bainar jama'a ta ce, "Ladingo, ina sabulun da na ba ki? Kin kai ɗaki, kin jiƙa mini zane kin kawo."

"Wallahi, Inna, duka na goge shi."

"To kumfar fa, aljanu suka sha?"

Kafin la'asar maƙwabta sun kwashe kayansu, ana nuna ta da baki. Ladingo ta tsaya kan tulu tana hawaye, ta ce, "Ruwa, me na yi maka?"

Ruwa ya ce, "Ba ni ba ne. Baƙuwa na ɗauko, ta ƙi tafiya. Amma na lura ba ta son zafi."

Ladingo ta juye shi a tukunya, ta iza wuta. Da ya tafasa, Farar Ƙasa ta kasa jurewa, ta fito tsaki-tsaki ta ƙanƙame gindin tukunya. Kuna tsammani haƙuri ta bayar? Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Cewa ta yi, "Tunda kin raba ni da Ruwa, nan na zauna, sai dai ki kankare."

Ladingo ta tsiyaye ruwan, ta goga sabulu, kumfa ta taso har gwiwar hannu. Ta kinkimi tukunyar ta dire gaban Inna Marka, ta ce, "Ga wadda ta ci sabulunki."

Inna Marka ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce, "To, gobe ki zo ki ɗauki wanki." Ko "yi haƙuri" ba ta ce ba.

Shi ya sa har yau ruwan rijiya yake cin sabulu, sai an dafa shi Farar Ƙasa ta sauka ta manne a gindi. Ita dai cokali yana fitar da ita. Sunan ɓarauniya kuwa da aka liƙa wa Ladingo, har ta koma ga Allah akwai masu kiran ta da shi.