Katin Malam Tanimu da Gudumar Sarkin Kasuwa

An ce wai a wani gari an yi wani Sarkin Kasuwa mai suna Mamuda, mutum marar yawan magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya taɓa abu da hannunsa. A zamaninsa ne aka fara cinikin tsofaffin katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda yara ke samu a cikin cingam shekaru hamsin da suka wuce. Katin da a da ake wasa da shi a ƙasa, sai ga shi ana sayensa da kuɗin gona.

Cinikin kuwa yana da ƙa'ida. Akan aika kati ƙasar waje, masana su duba shi, su ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, su rufe shi ruf a ɗan akwatin roba da hatiminsu. Wanda ke cikin akwati ba a gardamarsa. Wanda ke tsirara kuwa, ko ya fi wata haske, sai mai saye ya taɓe baki.

Akwai wani tsohon tela, Malam Tanimu, wanda yanar ido ta rufe masa gani har zare ya gagare shi shiga allura. Yana da kati ɗaya tak, na wani mai tsaron gida, wanda ya adana tun yana yaro, ko kusurwa ɗaya bai lanƙwashe ba. Ya ɗauka ya kai wa wani dillali mai suna Lurwanu ya aika masa a ba shi maki, don ya sayar a yi masa aikin ido.

Bayan wata uku Lurwanu ya miƙa masa akwati. Jikarsa ta karanta masa abin da ke jiki: maki uku. Ta ce, "Kaka, wannan ai har da tabon mai." Tsoho ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. A satin nan kuma aka ga Lurwanu ya kafa wani kati a rumfarsa, na mai tsaron gidan nan dai, da maki tara.

Aka taru gaban Sarkin Kasuwa. Malam Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, idona ya mutu, amma hankalina bai mutu ba. An musanya mini kati."

Lurwanu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba! Kai da ba ka bambance ni da tunkiya sai na yi magana? Ranka ya daɗe, ga hatimi nan. Turawa ne suka duba da madubinsu. Mai taran nan a Ikko na saye shi hannun wani Kwara, mutumin kudu, bai taɓa kwana a gidan kowa a garin nan ba."

Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, domin a wurinsu hatimi ya gama magana. Sarkin Kasuwa ya juya akwatunan biyu a hannunsa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Malam Tanimu, shekara hamsin ina ka ajiye katinka kyankyaso bai ci ba?"

Tsoho ya ce, "A gwangwani, ranka ya daɗe, na zuba kanumfari a ciki, kamar yadda mahaifiyata ke yi wa zannuwanta."

Sarkin Kasuwa ya ce, "A kawo mini guduma."

Wani dattijon dillali ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka fasa akwati maki ya tafi! Kati ya koma tsirara!"

Sarkin Kasuwa ya ce, "Na sani. Zauna."

Ya ɗora mai maki uku a kan benci, ya bugi gefen akwatin, ƙwas! Ya zaro katin ya ba mutum uku suka sansana. Duk suka ce ba komai sai warin tsohuwar takarda. Sannan ya jawo mai maki tara.

Lurwanu ya yi tsalle ya riƙe masa hannun riga. "Don Allah, don Annabi! Wannan kuɗin mota ne za ka fasa!"

Sarkin Kasuwa ya ce, "Ɗan nan, sakar mini riga. In katin na Kwaran nan ne, ni zan sayar da rumfata in biya ka, jama'a su shaida. Masanan da kake taƙama da su sun auna kusurwa, sun auna launi, sun faɗi gaskiya. Amma ba wanda ya tambaye su daga gidan wa katin ya fito. Wannan tambayar tawa ce."

Ya sauke guduma. Mata suka sa hannu a ka, wani ya ce innalillahi da ƙarfi kamar an yi mutuwa. Akwatin ya dare biyu. Sarkin Kasuwa bai ba kowa ba, sai ya kai katin daidai hancin Lurwanu ya ce, "Kai za ka faɗa mana."

Lurwanu ya shaƙa. Ya kau da kai. Na kusa da shi ya sunkuyo, ya ɗago da ido waje ya ce, "Wallahi kanumfari ne!" Kasuwa ta ɗauki salati gaba ɗaya. Lurwanu ya zube a ƙasa yana cewa sharrin Shaiɗan ne.

Aka hukunta cewa shi zai sake aika katin da kuɗinsa, ta hannun wani amintacce, sannan ya kwashe kayansa ya bar kasuwar. Malam Tanimu ya karɓi katinsa da hannu biyu, ya manna a hanci yana hawaye. Kafin damina ta faɗi an sayar da katin, an yi masa aikin ido, ya koma kan kekensa yana zura zare da kansa.

Tun daga ranar masu hankalin garin ke cewa: hatimi yana shaidar kyan kaya, amma ba ya shaidar halin wanda ya riƙe su.