Ɗakin da Aka Bayar a Ɓoye

A wani gari akwai wata gwauruwa wadda take zaune a gidan haya. Gidan na wani dattijo ne, manomi, wanda ya gina ɗakuna a bayan sashensa ya zuba 'yan haya. Nata ɗakin shi ne na ƙurya, kusa da rijiya. Ba ta da ɗa a raye, danginta kuwa duk sun watse. Daddawa take yi tana sayarwa, da ita take ci, da ita take biyan haya.

Ana nan sai matar mai gidan ta kwanta ciwo, ciwon kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. 'Ya'yanta suna birni, kowa da hidimar gabansa. Gwauruwar nan ce ta yi jinya. Ita ce wanki, ita ce dama kunu, ita ce juya marar lafiyar a kan gado, har ranar da Ubangiji ya kira baiwarsa.

Bayan an share makoki, mai gidan ya kira ta gindin mangwaro, inda ba kowa, ya ce, "'Yar'uwa, ba ni da abin da zan sāka miki da shi. Ɗakin nan na ba ki, ki zauna a ciki har ƙarshen ranki. Daga yau kada ki ƙara ba ni ko sisi."

Ta durƙusa tana godiya, hawaye suna zuba. Sai ya ƙara da cewa, "Amma maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Mutumin kirki ne, ba ya son a yi ta yabonsa a gari. Ba ya kuma so sauran 'yan haya su riƙa yi mata kallon mai zaman sadaka. To, al'adar gidan ita ce, in wata ya mutu, 'yan haya sukan zo zaure su gaishe shi, kowa ya miƙa kuɗinsa a ƙulle cikin ƙyalle. Sai suka shirya ta ci gaba da zuwa kamar kullum. Takan ƙulle ƙyallenta ba kome a ciki, ta riga kowa zuwa, ta miƙa da hannu biyu. Shi kuma ya karɓa da fuskar gaske, ya sa a aljihu, ya ce, "Na gani, Allah ya ƙara buɗi." Tsofaffin nan biyu suna jin daɗin wasan nan nasu ƙwarai, har wani lokaci sai ta sunkuyar da kai don kada dariya ta kuɓuce mata.

Shekaru suka wuce. Ta ga ƙafarsa ta fara nauyi, sai tsoro ya shiga zuciyarta. Ran nan ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba, da ka faɗa wa ko babban ɗanka ne, ko dattawan ikkilisiya."

Ya yi dariya ya ce, "Af, har kin ƙosa ki binne ni? Bari a gama girbi tukuna."

Yana cikin mutanen nan masu ganin wasiyya kamar aika wa mutuwa goron gayyata. Ita kuwa kunya ta rufe ta, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ba a gama girbin da shi ba. A gona ya faɗi, kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa, bai ce uffan ga kowa ba.

'Ya'yansa suka hallara. Da yake bai bar wasiyya ba, magana ta kai kotu. Alƙali ya ba babban ɗan izinin tattara abin da mamacin ya bari, ya biya abin da ake binsa, ya raba sauran ga magada. Gidan ba zai rabu a tsakaninsu ba, saboda haka suka yarda a sayar. Mai saye kuwa ya ce ba ya son kowa a ciki. Aka ba 'yan haya wa'adi su tashi.

Gwauruwar ta tafi wurin babban ɗan, ta ce, "Ɗana, mahaifinka ya ba ni ɗakin nan har in mutu."

Ya ce, "Mama, wa ya ji lokacin da ya faɗa?"

Ta ce, "Ni da shi, sai Allah."

Babban ɗan bai manta da jinyar mahaifiyarsa ba, yana kuma so maganar ta tabbata. Shi da kansa ya kai ta gaban alƙali. Alƙali ya tambaya ko an rubuta, aka ce a'a. Ya tambaya ko da shaida, aka rasa. Sai ya sa aka kira 'yan hayan gidan, ko wani ya san wani abu.

Su kuwa suna ƙaunarta, sun zo ne da niyyar kāre mutuncinta. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suka ce, "Ranka ya daɗe, baiwar Allah nan ba ta taɓa fashin biya ba. Duk ƙarshen wata ita ce ta fari a zaure. Da idonmu muke gani."

Ta buɗe baki ta ce ƙyallen ba kome a cikinsa. Wani daga cikin magadan ya yi tsaki ya ce, "Ku ji tsohuwa da kwaɗayi." Wannan kalma ta fi korar yi mata ciwo. Alƙali ya dube ta da tausayi, amma abin da yake gabansa shi ne 'yar haya kamar sauran 'yan haya, haka kuwa ya yanke.

A ƙofar kotu babban ɗan ya ce, "Mama, da gidan nawa ne ni kaɗai, da ba inda za ki. Ba ni da ikon kyauta da rabon ƙannena." Ta ce ta sani, ba ta riƙe shi a zuciya ba.

Da wa'adi ya cika, farkon damina, ta ɗaure tabarmarta da tukunyar daddawa, ta koma wata bukka mai yoyo a bayan gari. A can tari ya kama ta. Ba ta ga kaka ba.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba mai wuyar ganewa ba ce, sai dai mai wuyar haɗiyewa. Mai gidan nan ba mugu ba ne. Mu ne, masu kyakkyawar niyya da muke ajiye ta a ciki, muna cewa sai bayan girbi. Gwauruwar ita ce duk wanda yake zaune a inuwar alkawarinmu: maraya da ka ce gonar tasa ce, matarka da ka ce ba mai fitar da ita, ɗan haya da ka yafe wa. Ɓoye alheri don gudun yabo abu ne mai kyau a gaban Allah. Amma ɓoye hakkin marar ƙarfi har ya rasa mai tsaya masa, wannan ba tawali'u ba ne, sakaci ne, wani kuma zai sha wahalarsa.

Wasiyya ba ta kiran mutuwa. Mutuwa ta san hanyar gidan kowa, ba ta jiran a aika mata. Saboda haka tun kana da numfashi, ka tara iyalinka ka faɗa musu da bakinka. Ka sa a rubuta, ka sa hannu a gaban amintattun shaidu waɗanda ba su da rabo a ciki. In ka ba da haya, ko ka yafe ta, wannan ma a rubuta. Allah yana ganin zuciya, gaskiya ne, amma alƙali ba ya gani, 'ya'yanka ma ba sa gani.

Kowa ya koma gida yau ya tambayi kansa: ranar da bakina zai rufe, wa zai kwana a waje?