Madugun da Bai Waiwaya Ba

An taɓa yin wani ayari na dabbobi da ke zuwa arewa fataucin gishiri. Madugunsu wani tsohon Takarkari ne, sa mai haƙuri wanda ya tsufa a kan hanya. A cikinsu akwai Raƙumi, mai ƙarfi da girman kai, da kuma Jakanya, wadda ta baro ɗanta a gida wurin ƙanwarta tun bai gama shan nono ba.

Tsakaninsu da gida akwai wani gulbi. Da rani ana ratsa shi a kan yashi, amma in damina ta sauka ya kawo ruwa, babu mai ƙetarewa sai kaka.

Al'adar ayarin ita ce madugu a baya yake tafiya. Daga can yake ganin wanda ke ɗingishi da wanda kayansa suka karkace. Kowace safiya Takarkari yakan zaga ya duba bayan kowa, in ya ga miki ya rage wa mai shi kaya. In an sauka zango da la'asar kuma yakan sa kowa ya ba da labarin gidansu. Jakanya ba ta da labari sai na ɗanta: kunnensa ɗaya da ke lanƙwashewa, da yadda yake tsoron inuwarsa. An ji har an haddace, amma Takarkari bai taɓa katse ta ba.

A hanyar komowa, wata safiya suka ga gajimare ya fara taruwa a gabas. Jakanya ta tuna gulbin da ke gabansu.

Raƙumi ya miƙe wuya ya ce, "Tsoho, da wannan tafiyar taka ta masu rakiyar amarya, a bakin gulbi za mu yi damina. Wane irin shugaba ne kullum yana baya yana shaƙar ƙurar mabiyansa?"

Takarkari ya ce, "Dogo, ƙafarka ɗaya ta yi biyun ta jaki. In ka wuce gaba, da ƙafar wa za a auna tafiya?"

"Da ta mai ƙafa," in ji Raƙumi. "Mai gajere ya ƙara sauri."

Aka yi ta ka-ce-na-ce. Raƙumi ya rantse in aka ba shi ayarin zai kai su gida kafin ɗigon farko. Sai Jakanya ta matso kusa da Takarkari.

Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Ba ka taɓa ɓata mini ba. Amma nonona har yanzu zuba yake in na tuna yaron nan. Ni dai Raƙumi zan bi."

Takarkari ya ce, "Babu komai, Maijego. Allah ya kai mu lafiya." Ya sauka, aka ba Raƙumi.

Raƙumi ya shige gaba, hanci sama. Ranar farko kowa ya ji daɗi, don sun ci tafiyar da ba su taɓa ci ba. Jakanya har da waƙa.

Amma Raƙumi da cikinsa yake auna ƙishirwa. Suka iso rijiya ya ce shi bai ji komai ba, a wuce. Ya soke duban baya na safe, ya ce ɓata lokaci ne. Hirar zango ma ya hana, wai labarin gida shi ke kashe jiki. Sai aka koma tafiya shiru, kowa da kewarsa a ciki kamar ƙarin kaya.

Igiya ta fara cin bayan Jakanya. Ba ta faɗa wa kowa ba, don tana tsoron a ce ita ce ke jawo jinkiri. Takarkari ne ya hango ƙudaje na bin ta. Ya aika gaba a gaya wa madugu, saƙon ya bi baki-baki, ya dawo da amsa: wanda ya gaji ya tuna gida.

Jakanya ta ce a ranta, ai tunawar ce ta kawo ni nan.

Da rana ta take a wani fako, ƙafafunta suka ƙi. Ta durƙusa. Na bayanta ya tsaya, na gabanta ya juyo, ayari duka ya tsaya cik. Aka yi ta kiran Raƙumi, amma ya yi nisa, iska kuma tana kaɗa muryar baya. Suna kallo ya zama ɗan ɗigo, ya ɓace. Ko sau ɗaya bai waiwaya ba.

Babu wanda ya ce wa Takarkari ya karɓi ayarin. Kawai dai ya soma aikin. Ya sa aka kwance kayan Jakanya aka raba, shi ya ɗauki mafi nauyi duk da tsufansa. Ya mai da su rijiyar da aka wuce, suka kwana biyu a can har mikin ya kame. Jakanya ta yi ta kuka tana cewa ita ta jawo musu.

Takarkari ya ce, "Maijego, bar kukan nan ki ba mu labarin kunnen yaron. Mun kwana biyu ba mu ji ba."

Ta fara da shessheƙa, ta ƙare da dariya. Daga nan kowa ya ɓarke da nasa, washegari kuwa suka tashi da ƙarfin da ba su san suna da shi ba.

Sai dai hadari bai jira su ba. Ruwa ya same su a hanya, da suka iso gulbi suka tarar ya cika har bakin gaɓa.

A gefen mashigi suka ga Raƙumi, ya nutse a laka har gwiwa. Ya iso tun ruwa bai yi yawa ba, ya juya don ya yi wa ayari kirari, bai ga kowa ba. Ya ce zai ƙetare shi kaɗai, santsi ya kwashe shi. Gishirinsa ya narke kaf, jiƙaƙƙiyar igiya ta yanka masa tozo, babu mai kwance masa.

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, na ɗauka kuna bayana."

Takarkari ya ce, "Muna bayanka, Dogo. Kai ne ba ka duba ba."

Wasu suka ce a bar shi nan ya ji yadda ake ji. Takarkari ya ce shi bai taɓa barin kowa a hanya ba. Aka ɗaura igiya aka ja, Jakanya ma ta sa wuyanta, har ya fito. Tun daga ranar ba a sake jin bakinsa kan shugabanci ba.

Jakanya ta je bakin ruwa ta tsaya. Ga kukar garinsu can tana hangowa, ga hayaƙin gidaje. Ta ɗaga murya ta kira ɗanta. Can sai wata 'yar murya ta amsa daga ƙetare.

Haka suka yi damina a wannan gaɓar. Takarkari ya raba aiki, aka yi wa sauran gishirin rumfa, kowa da abin yi don kada zaman ya cinye shi. Kowace safiya Jakanya takan kira, a amsa mata, tana jin muryar tana ƙara kauri.

Da kaka ta yi ruwa ya janye, suka ƙetare. Ta tarar da ɗanta ya kusa kai ta tsawo, an daɗe da yaye shi. Ya tsaya nesa yana kallonta kamar baƙuwa, sai da ya sansana wuyanta sannan ya kwantar da kansa a jikinta. Ta gode wa Allah, amma ƙuruciyar da ta so gani ta riga ta wuce.

Darasin da ke cikin labarin nan, 'ya'yana, shi ne: in Allah ya ɗora ku a kan mutane, amana ce ya ba ku, kuma tafiyarku ita ce tafiyar mafi rauni a cikinku. Ku riƙa waiwaye, ku tambayi wanda ya yi shiru, ku bar mutane su faɗi abin da suke wahala dominsa, don shi ke riƙe su in ƙafa ta gaji. Ku kuma da ake jagoranta, kada ɗoki ya sa ku bi mai alkawarin sauri, kuma in igiya na cin bayanku ku faɗa tun da wuri.