Zagayen da Ya Ci Ƙafar Sauda

Akwai wani mutum a unguwar Ammariyya ta birnin Jidda, sunansa Abduljalil, amma kowa Abu Mish'al yake ce masa. Kakanninsa Hausawa ne da suka biyo ta Sudan zuwa aikin Hajji, suka zauna. Shi ne shugaban ma'aikata a wani kamfanin fiton kaya da ke tashar jiragen ruwa.

Mutum ne mai kyauta da riƙon addini, wannan ba za a ƙwace masa ba. Aibinsa ɗaya ne: ba a yi masa gyara a gaban mutane. Ko hanya ya ɓata da mota, gara ya ƙone man tanki da ya sauke gilashi ya tambaya.

Matarsa Sauda kuwa ta tashi tsakanin gumin Jidda da ƙugin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, burinta tun tana yarinya ta ga duwatsu masu hazo da sanyi. Da ɗansu Mish'al ya samu aiki a kamfanin tafiye-tafiye, sai ya shirya musu ziyarar buɗe ido zuwa Bhutan, wata ƙaramar masarauta ta mabiya addinin Buddha a cikin duwatsun Himalaya.

A filin jirgi Mish'al ya riƙe hannun mahaifinsa ya ce, "Abuya, don Allah duk abin da ɗan jagora ya ce, a bi. Can ba Jidda ba ce."

"Halas, shi ke nan, mun ji," in ji Abduljalil. "Ni da nake jan alhazai ɗawafi tun ba a haife ka ba, yau ni za a koya wa tafiya?"

Kwanakin farko lafiya lau. Ɗan jagoransu, wani mai fara'a da ake kira Sonam, ya zaga da su kwaruruka da tsofaffin gidajen ibada masu farin bango. Da Turanci suke magana da Abduljalil, shi kuma ya fassara wa Sauda. Ba wanda ya ce su rusuna wa wani abu. In lokacin salla ya yi, Sonam da kansa yake tsayar da mota ya nemo musu ruwa. Sauda sai murna take kamar yarinya ranar Idi.

Sai ranar da suka hau zuwa wani gidan ibada da aka gina a kan hancin dutse. An dace da ranar bikinsu, jama'a maƙil. Wata siririyar hanya ce ta kewaye ginin, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami mai zurfin da in ka leƙa sai kanka ya juya. Ta bayan ginin ake tsayawa a hango dusar ƙanƙara a kan tsaunuka, abin da ya kawo Sauda ke nan.

Suna isa ƙofa, ƙafar Abduljalil ta yi abin da ta saba. Mutumin da ya tashi yana ɗawafi da Ka'aba a hagunsa, bai ma yi tunani ba ya juya ya sa ginin a hagu.

Sonam ya ɗaga murya saboda hayaniya. "Yallaɓai, ba ta nan ba! A nan gini a dama ake sa shi. Kowa hanya ɗaya yake bi."

Wasu 'yan mata da ke kusa suka rufe baki suna dariya. Dariyar nan ce ta ɓata komai. Kuskure ne na ƙafa, wanda murmushi ɗaya zai wanke, amma Abduljalil ya ji kamar an tsiraita shi a kasuwa. Nan take ya nemo wa girman kansa rigar addini ya saka masa.

"Ni Musulmi ne. Ba zan bi sahun bautarku ba. Ta nan zan bi."

"Ba bauta na ce ka yi ba, yallaɓai. Hanyar ce ba ta da faɗi."

Sauda ba ta jin Turanci, amma ta san fuskar mijinta. Ta matso ta yi ƙasa da murya. "Abu Mish'al, tafiya za mu yi mu ga dutse, Allah Ya san zuciyarmu. In ranka bai kwanta ba, mu haƙura mu zauna a nan, wallahi na yafe kallon. Kai ne fa kake yi wa alhazai faɗa in sun yanko ta gaban masu ɗawafi."

Da a ɗaki ta faɗa masa, da ya ji. Amma idanu na kansa.

"Kina haɗa Harami da wannan wuri? Yalla, biyo ni."

Ya kama hannunta ya kutsa. Sonam ya biyo su yana roƙo, jama'a suka raba shi da su.

Ga abin da Abduljalil bai sani ba. A jikin bangon an jera wasu gangunan ƙarfe da mutanen ke juyawa da hannun dama suna addu'arsu, saboda haka kowa manne yake da bango. Duk wanda ya taho ta kishiyar hanya, ba shi da wurin bi sai bakin rami. Abin da ya raba su da ramin ɗan gini ne da bai kai gwiwa ba, ga dutsen da danshin ruwan safe.

"Abu Mish'al, numfashina," in ji Sauda. Iskar can sama ba ta ƙosar da mutumin bakin teku.

"Saura kaɗan."

Shi ma a lokacin ya gane ya yi wauta. Amma juyawa na nufin ya wuce ta gaban 'yan matan nan da Sonam, kansa a ƙasa. Wata tsohuwa mai carbi ta tare shi tana nuna masa baya da hannu, ya ture ta da kafaɗa ya wuce.

A daidai kusurwar ginin, wasu masu ibada biyu masu jan mayafi suka ɓullo ɗauke da wani dogon ƙaho na tagulla a kafaɗa. Ba su taɓa tsammanin mutum daga wannan ɓangaren ba. Bakin ƙahon ya nufo fuskar Sauda. Ta ja da baya, ta taka gefen abayarta, hannunta ya suɓuce daga nasa.

Ƙara ɗaya ta yi.

"Sauda! Innalillahi! Sauda!"

Ya faɗi a kan gwiwa ya leƙa. Allah Ya sa akwai wani ɗan tudu a ƙasa, nisan tsayin mutum biyu, a kansa ta faɗa. Ƙafarta ta dama ta lanƙwashe yadda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Tudun gangare ne, tana zamewa a hankali, ta rungume wani ɗan itace da hannu biyu. Ƙasa da ita babu komai sai hazo.

Ya ɗaga ƙafa zai dira, Sonam ya iso ya cafke shi ta baya. "In ka sauka da nauyinka, ku biyu za ku tafi!"

"A kawo igiya! Ku taimake ni, don Allah!" Da Hausa yake ihu, ya manta ba mai jin sa.

Igiya na can ƙasan dutse. Saiwar itacen kuwa ta fara ɗagowa, ƙasa na zubowa a fuskar Sauda. Yana jin muryarta tana maimaita kalmar shahada.

Sauran masu jan mayafi na gidan ibadar suka rugo, wani dattijo cikinsu ya faɗi magana ɗaya. Nan take suka warware mayafansu a cikin sanyin nan, suka shiga ƙulla su baki da baki. Mafi rashin nauyi a cikinsu ya ɗaura a ƙugu, aka zura shi. Maza suka jeru suka riƙe. Abduljalil ya kama shi ma, yana tsakanin mutanen da ya gama ci wa fuska a gidansu.

Mutumin ya isa, ya zagaya mayafin ta ƙarƙashin hammatarta ya ƙulle. Bai gama jan ƙullin ba itacen ya tumɓuke ya tafi. Ba wanda ya ji ƙarar isarsa ƙasa.

Suka ja. Yadin ya yi ƙara a bakin dutse kamar zai yage, suka tsaya, wani ya cusa rigarsa a ƙarƙashi, suka sake ja. Da ƙyar aka fito da ita, sannan aka fito da mutumin da aka zura, gwiwoyinsa duk jini.

Ɗankwalinta ya tafi a ramin. Tsohuwar nan da ya ture ce ta cire gyalen wuyanta ta rufe wa Sauda kai, ta zauna ta riƙe mata hannu. Ba wanda ya ce wa Abduljalil kanzil. Da sun zage shi, da ya fi samun sauƙi. A kan wata ƙofar katako suka sauko da ita dutsen, suna karɓa-karɓa har bakin mota.

An yi mata aiki a can, an sake wani a Jidda. Likita ya ce za ta taka, amma ɗingishi ya zauna ke nan.

Ranar da aka sallamo ta, gidan Ammariyya ya cika da 'yan sannu. Mish'al ya durƙusa gabanta idonsa jawur. "Ummi, kaif? Yaya aka yi haka ta faru? Ina ɗan jagoran yake?"

Abduljalil ya buɗe baki, Sauda ta riga shi. "Santsi ne, ya waladi. An yi ruwa da safe. Mutanen can kuwa, Allah Ya saka musu, su suka ciro ni."

Bayan kowa ya watse, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar, ya kasa ɗaga ido. "Ummu Mish'al, me ya sa kika rufa mini? Ni na ja ki. Ki yafe mini."

Ta dube shi ta ce, "Ai na yafe maka tun ina rataye a itacen nan. Na ga mutuwa, na ce ba zan je gaban Allah da kai a zuciyata ba."

Abduljalil ya kifa kansa a gefen gadon ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Gidansu a hawa na uku yake, babu lif. Kullum yana bayanta in za ta hau, yana jin yadda take jan ƙafar daga matakala zuwa matakala.

Darasi: Baƙo ko da ido makaho ne, in masu gida sun nuna maka hanya ka bi, ko ka koma da mutuncinka. Girmama mutane a wurinsu ba ya rage maka imani, kuma kada ka fake da addini alhali girman kai ne ke jan ka, domin sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ne yake ɗaukar raunin. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin jan hannun wani zuwa bakin rami.